Gidan gado a Maourey: dukiya ne ko ba dukiya ba?

 

Ranar da muka yi shiri kan tsadar haya a Yamai, wani dattijo ya bugo mana waya daga Maourey. Ba maganar haya ta kawo shi ba. Cewa ya yi: "Ni tambaya gare ni. Gidanmu na gado shina bakin hanya, kullum 'yan kasuwa na zuwa suna taya shi miliyoyi. Na tahi banki neman bashin miliyan ukku in ƙara jari, sunka ce mini ba ni da garanti. To wanga gida, dukiya ne ko ba dukiya ba?" Lokaci ya ƙure mana, mai kula da na'ura yana ta nuna mana agogo, ba mu ba shi amsar kirki ba. Muka yi alkawarin za mu rubuta. To ga shi, amma fa sai kun yi haƙuri, don amsar ba ta fita sai an koma baya wajen shekara ɗari.

Mu fara da kalmar kanta. Waɗanda suka zauna bencin lekol sun san Faransanci ya raba dukiya gida biyu, mebil da imebil: abin da ke tashi da abin da ba ya tashi. Mota, raƙumi, zinariya, buhun gero, duk ana iya ɗaukarsu a sauya masu wuri. Fili kuwa, da ginin da ke kansa, da rijiya, da itacen da ya kafa saiwa, suna nan inda suke. Wannan kashi na biyu shi ake kira imobiliye. Ba Turawa kaɗai suka san rabon ba, malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna bambanta aƙar da manƙul, kuma Bahaushe da kansa in ya ce wane yana da kadara, yawanci gida ko fili ko gona yake nufi.

Sai dai mai harkar kuɗi ba ya kallon gida yadda mu muke kallonsa. Mu muna ganin ɗakin da aka haife mu, da zauren da kaka yake shimfiɗa tabarma. Shi tambaya uku yake yi. Nawa wurin yake kawowa a wata ko a shekara? In an sa shi kasuwa yau, nawa za a saye shi? In mai shi ya ci bashi ya kasa biya, akwai takardar da za ta ba ni ikon sayarwa ba tare da wani ya fito ya ce nasa ne ba? Tambaya ta uku ita ce ta kayar da dattijonmu. A idon banki, kadara ba laka da siminti ba ce kawai, haƙƙi ne da aka rubuta a littafin gwamnati da sunan wani mutum sananne. Yadda aka yi wannan littafi ya shigo garinmu, shi ne tarihin.

Kafin zuwan Nasara, inda Yamai take a yau ƙauyuka ne a bakin kogin Isa. Akwai Maourey ta Mawri, waɗanda mu Hausawa muke kira Arawa, akwai Kalley ta Zabarmawa, akwai Gaweye, can gefe kuma ga Goudel, Gamkalle da Saga, kowanne da gonakinsa. Daga baya Zongo ta kafu, masaukin fatake da baƙi. A wancan zamani ƙasa ba hajar kasuwa ba ce. Wanda ya fara sare daji shi da zuriyarsa suke da iko da wurin. Baƙo in ya zo, ya je wurin mai gari ko mai gona, a nuna masa inda zai kafa bukka, a ba shi aron gona, in kaka ta yi ya kawo ɗan damin gero don a san ba tasa ba ce. Ana gado, ana aro, ana kyauta, wanda ya matsu kuma yana iya jinginar da gona ya karɓi wani abu, ranar da ya mayar a mayar masa. Shaida kuwa tana bakin dattawa: daga wancan gao zuwa wancan dutse na gidan wane ne.

Faransawa sun kafa bariki a nan a farkon shekarun 1900. Garin ya taɓa zama mazaunin mulkin soja na yankin kafin a mayar da shi Damagaram a 1911, sannan a 1926, zamanin gwamna Brévié, aka dawo da babban birni Yamai. Amma tun kafin su gama gina ofisoshinsu sun riga sun zo da dokarsu ta ƙasa. Wata doka ta 1904 ta ce duk ƙasar da babu kowa a kanta kuma ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. Ku lura da wayon: gonar da aka bari ta huta, da makiyaya, da dajin farauta, duk ana iya cewa babu kowa a kansu. Sai dokar 24 ga Yuli 1906, wadda aka sake tsarawa da ta 26 ga Yuli 1932, ta kawo rajistar filaye a duk Afirka ta Yamma ta Faransa. Dabarar ba ma ta Faransa ba ce asali, daga Ostiraliya aka aro ta, inda wani mai suna Torrens ya ƙirƙiro ta a 1858. Ga yadda take: a auna fili, a kafa masa borni, a yi shela ko akwai mai ja, in wa'adi ya cika babu wanda ya fito, a buɗe masa shafi a babban littafi, a ba shi lamba. Wannan shi ne titir fonsiye. Da zarar an bayar da shi, magana ta ƙare, ba a sake tayar da ita ko a gaban alƙali.

Wa ya yi wannan rajista a lokacin? Gwamnati, da kamfanonin Turawa, da 'yan kasuwar da suka san amfaninta. Kakanninmu ba su ga dalili ba. Mutum yana zaune inda ubansa ya zauna, gari duka ya sani, don me zai biya kuɗi a rubuta masa abin da kowa ya sani? Ba wauta ba ce, jama'a. A duniyarsu hakan daidai ne. Duniyar ce aka sauya masu ba tare da shawara ba.

Shekarun 1930 su ne suka sake fasalin garin. Yunwar 1931 ta koro mutane daga ƙauyuka zuwa Yamai. A 1935 gobara ta cinye bukkoki masu yawa, hukuma kuma ta samu hujjar da take nema: aka matsar da jama'a daga bakin kogi zuwa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka unguwanni murabba'i murabba'i, aka ce gini sai na laka. Kwarin Gounti Yena ya zama iyaka, Plateau ta Turawa a gefe ɗaya, garin baƙar fata a ɗaya gefen. Tsoffin sunaye sun bi mutanensu, shi ya sa har yau muke da Maourey, Kalley da Zongo a tsakiyar birni, amma zaman ya sauya. Da, iyali yana kan ƙasar kakansa. Yanzu yana cikin yankin da jometir ya auna, hukuma ta ba shi izinin zama. A nan lotisma ta fara, a nan kuma parsel ta samu suna.

Tsarin da ya biyo baya, wanda dokar 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati ta tabbatar, hawa-hawa ne kamar matakala. Hukuma ta yanka, ta ba ka parsel da sharaɗin ka gina. In ka gina aka zo aka gani, sannan ka nemi titir. Takardar da mafi yawanmu muke ɓoyewa a ƙasan akwati, akt da sesiyon ta meri, a tsakiyar matakalar take, ba a ƙarshenta ba. Tana nuna an sallama maka fili, ana saye da sayarwa da ita kullum a garin nan, amma ba ita ce shafin babban littafi ba. Mutane da yawa sun tsaya a nan, wasu don kuɗin da ake biya, wasu don yawon ofis, wasu don ba wanda ya taɓa gaya masu akwai sauran hawa.

To garin sai ya yi ta kumbura. Lokacin 'yancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su fi wajen dubu 30 ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Ku auna wannan: ƙasa ba ta haihuwa, mutane kuwa sun ninka fiye da sau talatin. Duk abin da ake faɗa kan tsadar fili, tushensa ke nan.

Nau'in kadara na farko da wannan cunkoso ya haifar shi ne gidan zama, kuma shi ne mafi yawa. A tsoffin unguwanni irin Maourey, gidan iyali ne mai faɗin tsakar gida, sai aka riƙa jera ɗakuna a jikin katanga ana ba baƙi haya: ɗan makaranta daga Tawa, ɗan tireda daga Maraɗi, tela daga Gao, kowa da ƙofarsa, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya. Tsofaffi da yawa da wannan kuɗin haya suka yi furfura cikin rufin asiri, shi ne fanshonsu. Daga baya aka samu selibateriyom, jerin ɗaki da falo na siminti, sannan bila mai katanga da gareji ta manyan ma'aikata da 'yan ƙasashen waje. Gwamnati ma ta gwada hannunta. Crédit du Niger, tun ƙarshen shekarun 1950, ya riƙa ba ma'aikata bashin gini, SONUCI kuma da aka kafa a farkon shekarun 1960 tana yanka filaye tana gina gidaje. Amma wannan ya tsaya ga mai albashi. Talaka shi ya gina wa kansa gari, bulo bayan bulo. Sunan Boukoki kaɗai ya isa shaida, daga bukkoki ne. Talladje kuwa a kan gonakin da masu su suka yanka suka sayar ta tashi, ba da lotisma ta hukuma ba, sai daga baya aka san yadda aka yi da ita.

A lissafin masu kuɗi, gidan haya auna shi ake yi da abin da yake kawowa. Mu ɗauki misali kawai: gidan da aka kashe wa miliyan 20, ana biyan hayarsa jika 100 a wata. A shekara miliyan 1 da jika 200 ke nan, wato kashi 6 cikin ɗari na abin da aka zuba, kafin a cire haraji, da gyaran rufi bayan damina, da watannin da ɗan haya ya ce a yi masa haƙuri. Sai an shekara kusan 17 kafin uwar kuɗi ta dawo. Kun ga ba ribar a zo a gani ba ce. Abin da ke sa mutane rububi shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ginin, wadda darajarta ke hawa ko rufin yana yoyo.

Nau'i na biyu shi ne wanda ya shafi Maourey kai tsaye: kadarar kasuwanci. Unguwar ta samu kanta tsakanin kasuwanni biyu, Habou Ganda da Habou Béné, wato Ƙaramar Kasuwa da Babbar Kasuwa. Duk wanda ya san rompwan Maourey da rana tsaka ya san abin da muke faɗa, ko wurin taka ƙafa sai an yi dabara. Kuma gobara, wadda ta tayar da garin a 1935, ba ta daina sake masa fasali ba. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012, ba a kuwa sake gina ta yadda take ba. Duk lokacin da kasuwa ta ƙone, 'yan kasuwa ba sa komawa gida su zauna, bazuwa suke yi cikin unguwannin kusa suna neman inda za su ajiye kaya. Haka zaure ya zama butik, ɗakin bakin titi aka fasa masa ƙofa ta waje, tsakar gida ta zama magaza. Mita ɗaya ta bakin gudron ta fi ɗaki guda a cikin lungu kawo kuɗi.

A nan ne lissafi yake rikita iyalai. Wuri ɗaya, daraja biyu. In an dube shi a matsayin gidan zama, tsohon gini ne na laka da ke neman gyara kowace shekara. In an dube shi a matsayin wurin kasuwanci, ɗan kasuwa yana ganin bene hawa uku, butik a ƙasa, ofisoshi a sama. Farashin da yake tayawa na benen da ke cikin kansa ne, ba na ɗakin kaka ba. Shi ya sa tayin yake girgiza mutane, shi ya sa kuma tsoffin gidajen tsakiyar gari suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, iyalan su raba kuɗi su koma bayan gari.

Manyan gine-ginen kasuwanci kuwa, otel da ofisoshi, a garin nan sun zo ne a guguwa biyu. Ta farko kuɗin iraniyom ne, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980, zamanin Seyni Kountché. Lokacin ne aka tayar da tsohuwar unguwar Gaweye daga bakin kogi, otel ya gaji wurin ya gaji sunan. Mutanen Maourey su riƙa tuna wannan, maƙwabtansu ne na asali. Guguwa ta biyu ita ce ta taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, da ta kawo su Radisson Blu, Noom da Bravia, da sabunta filin jirgin Diori Hamani. Tsakanin guguwar biyu akwai darasi mai ɗaci: farashin iraniyom ya faɗi, basussuka suka ƙi biyuwa, babban bankin raya ƙasa BDRN ya durƙushe a 1990. Tun daga nan bankunanmu suka ƙara riƙe hannu.

Kadarar masana'antu ba za mu daɗe a kanta ba, don ba ta da yawa. Ga unguwar masana'antu can wajen Gamkalle, da mahauta, da manyan ɗakunan ajiya. Ƙasar da ba ta da teku, kayanta daga tashoshin ruwan maƙwabta suke zuwa, saboda haka a nan magaza ta fi masana'anta kasuwa.

Wanda ya fi cin mana rai shi ne nau'in da babu komai a kansa: parsel tsirara. A littafin masana, fili marar gini shi ne mafi rauni, don ba ya kawo ko dala a wata, sai dai ka jira. A Yamai kuwa shi ne sarki. Shi ne asusun ma'aikaci, shi ne bankin ɗan kasuwa, shi ne abin da ɗan ci-rani yake aiko kuɗi a saya masa. Akwai dalili. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, wanda ya ajiye kuɗi ya wayi gari da rabin ƙarfinsa a kan kayan waje, wanda ya ajiye fili bai ji komai ba. Sannan a farkon shekarun 2000, da gwamnati ta rasa yadda za ta biya bashin albashin da ma'aikata suke bin ta, sai ta biya wani kashi da parsel. Ku dubi wannan da kyau: hukuma da kanta ta mayar da fili kuɗi. Ma'aikata da yawa ba su ma je sun ga nasu ba, a hannun dillalai suka sayar da takardar don a sayi shinkafa.

Daga nan kasuwar takarda ta buɗe sosai. Meri tana yanka don ta samu kuɗin shiga, 'yan kasuwa masu lotisma ta kansu suna yanka, masu gonaki na gado ana ba su wani kaso na parsel a madadin gonarsu. Gonakin Goudel, Saga da Gamkalle da suka ciyar da garin suka koma lambobi a kan taswira. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta riga ta buɗe Harobanda, gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021 suka ƙara tura farashi a ƙetaren kogi. Ko shingen itatuwan da aka fara dasawa a 1965 don ya kare garin daga iska da rairayi bai tsira ba, an ci shi ta gefe-gefe. Sauran labarin kun fi mu sani, don kullum kuna kiranmu a kai: fili ɗaya takarda biyu, borni da ke tafiya da dare, parsel da aka saya da rani sai damina ta nuna cewa tafki ne. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun koya wa mutanen Saga, Lamorde da Kirkissoye cewa abin da ba ya tashi ma ruwa yana iya kashe masa daraja.

Gona da garka su ma kadara ne, kuma suna da tasu doka, kundin karkara na 2 ga Maris 1993, wanda ya yarda cewa mallakar gargajiya mallaka ce, ya kuma kafa kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida. Ci gaba ne babba. Amma takardar shaidar riƙon gargajiya, ita ma, ba titir ba ce.

Yanzu mu koma ga dattijonmu. Me ya sa banki ya ce masa ba shi da garanti? Jinginar gida a banki, wadda ake kira ipotek, ba irin jinginar gonar kakanni ba ce. Ba a karɓe maka gidan, kana ciki, sai dai a rubuta a shafinsa na babban littafi cewa akwai bashi a kansa. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA masu dokar kasuwanci ɗaya, kuma dokar ta ce kadarar da aka yi wa rajista ita ake yi wa ipotek. In babu shafi, ina za a rubuta? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi wuya. Da muka sake kiransa bayan shiri, sai ya ce takardar gidan tana da sunan kakansu, wanda ya rasu tun shi yana yaro, kuma ba a taɓa raba gado ba. Muka ce magada nawa ne? Ya yi dariya ya ce: "Waɗanda na sani ko duka?" Akwai na Abijan, akwai na Kano, akwai 'ya'yan gwaggo da aka aurar Dosso. Gidan nasu ne su duka, saboda haka ba na kowa ba ne shi kaɗai. Ba zai iya jinginar da abin da yake da kashi kaɗan a ciki ba sai da yardar sauran.

Mu a ganinmu, a nan bai kamata a zagi banki ba, kuma bai kamata a zagi iyalin ba. Kuɗin da banki yake bayarwa ajiyar wasu ne. Duniya ta ga abin da ya faru a Amurka a 2008, lokacin da aka yi ta ba da bashin gida ga waɗanda ba za su iya biya ba, aka dunƙule basussukan aka sayar a kasuwar hannun jari, da abin ya fashe har ƙasashen da ba su ci ba ba su sha ba sai da suka ji a jikinsu. Can sun yi nisa har gida ya zama takarda zalla, mutum yana sayen hannun jari a kamfanin da ya mallaki benaye yana karɓar rabonsa na haya bai taɓa ganin ginin ba. Mu tamu matsalar kishiyar wannan ce: ga ginin, ga ƙasar, ga daraja, takardar ce babu. Laifin da muke gani na tsarin ne da aka dasa tun 1906 aka bar mafi yawan jama'a a wajensa. Ba mu kaɗai ba ne, 'yan'uwanmu na Najeriya tun dokar filaye ta 1978 suke fama da neman takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2006 aka fito da titir mai sauƙi da aka raɗa wa suna Sheda, kalmarmu ce ta shaida, don a rage kuɗi da tsawon hanya. A 2018 aka buɗe bankin gidaje, BHN. Amma babu dokar da za ta shiga cikin gida ta tara magada arba'in a tabarma ɗaya. Wannan aikin iyali ne, kuma matakansa sanannu ne: a je kotu a tabbatar da su wane ne magada, a yi zaman iyali a rubuta abin da aka amince, a naɗa wakili, a sa jometir ya auna, sannan a nemi titir ko a sauya sunan da ke kansa. Kowane mataki da kuɗinsa, ba za mu ɓoye maku ba, kuma duk shekarar da aka ƙara, wani magaji ya rasu ya bar nasa magadan, layin ya ƙara tsawo.

Kuma ba dole sai an sayar ba, wannan muna so a ji shi. Akwai iyalan da suke yarjejeniya da ɗan kasuwa ya gina butik a gaban gida da kuɗinsa, ya riƙa cirewa a haya har shekarun da aka yanka su cika, ginin ya dawo hannun iyali. Dabara ce mai kyau in an rubuta ta a gaban noter, da ranar farawa da ranar ƙarewa. In da baki aka yi, bayan shekara ashirin 'ya'yan ɗan kasuwar za su ce ubansu saye ya yi. Akwai kuma hanyar kafa kamfanin iyali na kadara, gidan ya zama na kamfanin, kowane magaji ya riƙe kasonsa gwargwadon rabon gado, wanda ya matsu ya sayar wa ɗan'uwansa kaso ba tare da an rushe gida ba. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman Malikiyya sun san shuf'a, haƙƙin abokin tarayya ya riga bare sayen kason da aka sa kasuwa a kadarar da ba a raba ba.

Da muka karanta wa dattijon waɗannan matakai a waya, ya yi shiru, sannan ya ce babbar yayarsu ce take riƙe da takardar kakan, a cikin wata tsohuwar kwalla, kuma ta rantse ba mai taɓa ta tana raye, don tana tsoron ranar da takardar ta fita daga ɗakinta ranar za a sayar da gidan. Ya ce zai jira bikin da za su yi bayan salla, lokacin da na Abijan da na Dosso za su zo, ya tayar da maganar. Bashin miliyan ukun kuwa, ya ce ya samu rabi a wurin wani abokinsa na kasuwa, ba takarda, sai shaidu biyu.